GISHIRI DA HANKALI: ABIN DA YA KAMATA KOWANE MALAMI YA SANI

Daga wani Jami'in Ilmi, Nasarawa, Birnin Kebbi

Hausawa suna cewa ilmi gishirin zaman duniya. Ni kuwa yau a kan gishirin kansa zan yi magana, na kasuwa wanda ake awonsa a mudu, domin na ga wani abu da idona wanda ya nuna mini cewa muna koya wa malamanmu sunayen abubuwa, amma ba mu koya musu amfaninsu ba.

Wata damina ina zagayen makarantu tsakanin Birnin Kebbi da Argungu, na sauka a wani ƙauye na bakin fadama. Muna cikin duba rajista da babban malami sai muka ji kururuwa daga wani gida. Da muka isa muka tarar da yaro ɗan shekara biyu yana jijjiga, idanunsa sun juye. Kwanansa uku yana zawo, uwarsa kuwa, don tausayi, tana ta ɗura masa ruwan randa zalla. Tsofaffin gidan suka ce iskokin gulbi ne suka taɓa shi, har an kawo garwashi da turare. Babban malamin nan, wanda ya fita daga kwalejin horon malamai da kyakkyawar takarda, yana tsaye bai ce uffan ba. Da ƙyar muka shawo kan uban yaron aka sa shi a mota. A asibiti aka auna jininsa, likita ya ce gishirin jikinsa ne ya yi ƙasa ƙwarai, aka yi masa ƙarin ruwa bisa awo, Allah Ya yi da sauran kwanansa a gaba.

A hanyar komowa na tambayi malamin ko ya san sodiyam. Nan take ya jero mini su kamar karatun allo: litiyam, sodiyam, fotasiyam, da sauran 'yan'uwansu uku. Ya ci su a jarrabawa. Abin da bai taɓa ji ba shi ne sodiyam ɗin nan shi ne cikin gishirin da ke ɗakin uwar yaron, kuma da shi ƙwaƙwalwar mutum take aiki. Laifin namu ne, mu da muka horar da shi.

To, bari mu fara daga tushe. Masana suna kiran waɗannan abubuwa ƙarafan alkali. Kada mai karatu ya ɗauka alƙalin kotu ake nufi. Kalmar ta fito daga Larabci, asalinta tokar da ake samu in an ƙone wasu tsire-tsire, watau irin tokar da matanmu suke tacewa su zuba a miya. A cikin ruwan tokar nan akwai fotasiyam. A cikin gishiri akwai sodiyam. Kanwa ma, ko da yake da Turanci akan kira ta da sunan da ya yi kama da fotasiyam, yawancin abin da ke cikinta sodiyam ne. A shekarar 1807 wani masani a Ingila, Humphry Davy, ya yi amfani da wutar lantarki ya ware fotasiyam da sodiyam, aka ga ashe ƙarafa ne masu taushi, wuƙa tana yanka su, in an jefa su a ruwa su yi ta tafasa. Litiyam kuwa a ƙasar Suwidin aka gano shi cikin dutse a shekarar 1817. Mu mutanen ƙasar Kabi ba baƙi ba ne ga waɗannan kaya. Tun zamanin kakanninmu fatake suke kawo gishirin Foga zuwa kasuwar Jega, Buzaye suna kawo na Bilma a kan raƙuma, kanwa tana zuwa daga ƙasar Barno. Makiyayi ya san in bai ba shanunsa kanwa ba za su lalace. Abin da ya rage mana shi ne sanin dalili.

Ƙwaƙwalwar mutum tana da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86. Kowace ƙwaya tana lulluɓe da wata fata siririya, da ruwan gishiri a cikinta, da ruwan gishiri a wajenta, amma gishirin ba iri ɗaya ba ne. A waje sodiyam ya ninka na ciki kamar sau goma. A ciki kuma fotasiyam ya ninka na waje kamar sau talatin. Wannan bambanci ba ya tsayuwa da kansa. Akwai wasu ƙananan injuna a jikin fatar nan da suke aiki dare da rana, kowane juyi su fitar da sodiyam uku su shigo da fotasiyam biyu. Wani likita ɗan ƙasar Denmak, Jens Skou, shi ya gano su a shekarar 1957. Duk wanda ya ga mai lambu a fadamar Argungu yana ɗaga ruwa da jigo yana tara shi a tudu, don in ya buɗe kwari ruwan ya gangara da kansa ya shiga fangali, to ya ga misalin aikin injunan nan. Ƙwaƙwalwa nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na jiki ba, amma tana cin kimanin kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da abinci yake bayarwa, kuma babban rabo na wannan ƙarfi a wajen jan jigon nan yake tafiya.

Saboda wannan tari da aka yi, kowace ƙwayar jijiya ta zama kamar ƙaramin batir, ƙarfinsa kamar kashi ɗaya cikin ashirin na batirin tocila. In saƙo zai wuce, sai wasu ƙofofi su buɗe, sodiyam ya kwararo ciki, nan da nan ƙofofin su rufe, wasu kuma su buɗe fotasiyam ya fita, ƙwayar ta koma yadda take. Wannan buɗewa da rufewa tana bin jijiya daga wannan kai zuwa wancan, a manyan jijiyoyi gudunta ya kai mita 100 cikin daƙiƙa ɗaya. Turawa biyu na Ingila, Alan Hodgkin da Andrew Huxley, su suka bayyana wannan a shekarar 1952, bayan sun yi gwaji da jijiyar wata dabbar teku mai kauri, aka ba su lambar Nobel a 1963. Wanda aka taɓa cire wa haƙori a asibiti ya riga ya ga shaida a bakinsa. Allurar da aka yi masa a dasashi ƙofofin sodiyam ta toshe, saƙon zafi ya rasa hanyar zuwa ƙwaƙwalwa, aka cire haƙorin yana zaune.

Sai dai jijiya ba ta manne da 'yar'uwarta ba. Tsakaninsu akwai ɗan rata, wanda in an raba milimita ɗaya kashi 50,000, faɗinsa kamar kashi ɗaya ne. Saƙon lantarki in ya iso nan ya iso bakin gulbi, sai da jirgin fito. Jirgin kuwa wasu sinadarai ne da jijiya take ajiyewa cikin 'yan jakunkuna a bakin gaɓa, waɗanda za mu kira 'yan aiken jijiya. Isowar saƙon takan buɗe wa kalsiyam ƙofa, shigarsa ta sa jakunkunan su fashe, 'yan aike su haye su ƙwanƙwasa ƙofar jijiya ta gaba. Otto Loewi ne ya fara tabbatar da haka a ƙasar Ostiriya a shekarar 1921. Ya ɗebi ruwan da zuciyar wani kwaɗo take ciki bayan ya tsokani jijiyarta, ya zuba wa zuciyar wani kwaɗon, ita ma bugunta ya ragu.

'Yan aiken nan iri-iri ne. Akwai gulutamet, mai zuga jijiya ta tashi. Akwai gaba, mai kwantar da ita. Akwai dofamin da sirotonin, waɗanda suke da hannu cikin nishaɗi da himma da barci da baƙin ciki. Ga inda gishiri ya sake shigowa, har sau biyu. Na farko, in gulutamet ya ƙwanƙwasa, ƙofar da take buɗewa sodiyam ne yake shiga ta cikinta, shi ne yake tayar da jijiya ta gaba. Na biyu, ɗan aike in ya isar da saƙo wajibi ne a janye shi daga ratar nan da sauri, in ba haka ba zai yi ta ƙwanƙwasawa ba tsayawa. Abin da yake janye shi kuwa gangarar sodiyam ce, watau ruwan nan da jigo ya tara a tudu shi yake kora jirgin ya komo gida. Gulutamet da gaba da dofamin da sirotonin duk ta wannan hanya ake mayar da su. Ashe ke nan duk abin da mutum ya gani, ko ya tuna, ko ya yi niyya, a kan awon gishiri yake tafiya, bisa hikimar Wanda Ya halicce shi.

Yanzu mu koma ga yaron nan na bakin fadama. A jinin mai lafiya, in likita ya auna sodiyam, yakan same shi tsakanin 135 da 145 bisa ma'auninsu. Mai zawo ko amai yana zubar da ruwa da gishiri tare. In aka mayar masa da ruwa kaɗai, jininsa ya tsinke, awon ya sauka. In ya sauka da sauri har ƙasa da 120, ruwa yakan kutsa cikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa su kumbura, ga shi ƙoƙon kai ba ya buɗewa. Daga nan sai ruɗewa, sai magagi, sai jijjiga, sai suma. Haka kuma in aka cika gishiri, aka dama wa yaro ruwa mai ɗaci kamar na kanwa, ƙwayoyin sukan tsotse su motse, ƙarshenta dai jijjigar ce. Fotasiyam ma yana zuba da zawo, in ya yi ƙasa gaɓoɓi su saki, bugun zuciya ya rikice. Ta kowane gefe aka kauce wa awo, hatsari yana nan.

Maganin wannan kuwa ba shi da tsada. A shekarar 1971, lokacin yaƙin da ya haifi ƙasar Bangaladash, kwalara ta faɗa wa sansanin 'yan gudun hijira a Indiya, ruwan ƙari ya ƙare. Wani likita, Dilip Mahalanabis, ya sa aka riƙa dama gishiri da sukari a ganguna ana shayar da marasa lafiya da baki, mutuwa ta ragu ƙwarai da gaske. Sirrin abin shi ne hanji yana tsotse sodiyam tare da sukari, ruwa kuma ya bi su. Daga nan Hukumar Lafiya ta Duniya ta yaɗa ƙunshin garin nan da ake samu a kowane ɗakin shan magani, wanda ake zuba wa lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, akwai fotasiyam ma a cikinsa. Inda babu ƙunshin, awon gida shi ne lita ɗaya ta ruwan da aka tafasa ya huce, da ƙaramin cokalin shayi shida na sukari, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, kowanne a shafe, ba a tula ba. Kada mu ce wannan tsohon labari ne. A shekarar 2021 kaɗai an ƙidaya fiye da mutum 100,000 da ake zaton kwalara ta kama a Nijeriya, fiye da 3,000 suka rasu, yawancinsu a jihohin Arewa, mu ma a Kebbi ba ta tsallake mu ba.

Yawan gishiri na yau da kullum shi ma yana taɓa ƙwaƙwalwa, ta hanyar hawan jini da shanyewar ɓarin jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 a yini, watau bai cika ƙaramin cokali ɗaya ba, mu kuwa ga gishiri a miya, ga dunƙulen ɗanɗano, ga kanwa. A cikin shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya sun lura mata masu jego da yawa suna zuwa da kumburi da ciwon zuciya, suka danganta abin da yawan kunun kanwa tare da zafin wankan jego. Ban ce a bar kunun kanwa ba, na san iyayenmu mata ba za su saurare ni ba in na faɗi haka. Na ce dai kanwa ma tana da awo.

Saura litiyam, ƙaramin cikin 'yan'uwan, wanda labarinsa ya fi kowanne koya mana darajar awo. Akwai wata cutar hankali da takan ɗaga mutum sama, ya yi kwanaki ba barci, yana surutu, yana rabon dukiyarsa, sa'an nan ta jefa shi cikin baƙin ciki har ya ƙi abinci. A shekarar 1949 wani likita a Ostireliya, John Cade, ya ba mutum goma masu wannan tashin hankali gishirin litiyam, suka natsu. Na farkonsu ya yi shekara biyar a tsare, ya warware har ya koma aikinsa. Amma a shekarar 1950 wannan mutum ya rasu, litiyam ɗin ne ya yi masa yawa. A 1949 ɗin nan kuma a Amurka an sayar wa masu ciwon zuciya litiyam a madadin gishirin miya, wasu suka mutu, aka hana. Sai da likitoci, musamman Mogens Schou na Denmak daga 1954, suka daidaita yadda za a riƙa auna shi a jini, sa'an nan ya zama magani abin dogara, har Amurka ta amince da shi a 1970.

Litiyam yana kama da sodiyam, don haka yakan bi ƙofofinsa ya shiga cikin jijiya, injunan nan kuwa ba su iya fitar da shi da sauri. A ciki yakan rage ƙarfin amsar da jijiya take bayarwa bayan ɗan aike ya ƙwanƙwasa, kamar dogarin da yake tsayar da masu shiga fada su shiga ɗaya bayan ɗaya. Awonsa a jini da ake nema tsakanin 0.6 da 1.2 ne, in ya haura 1.5 sai rawar hannu mai tsanani, da tangaɗi, da ruɗewa. Ƙoda kuma tana ɗaukarsa kamar sodiyam, in jiki ya rasa ruwa da gishiri sai ta riƙe shi. Saboda haka mai shan wannan magani a ƙasa mai zafi irin tamu, inda bazara take matse gumin mutum, wajibi ne ya nemi shawarar likitansa kafin azumi, ko in zawo ya kama shi. Ina ƙara jan kunne domin yanzu ana haƙar dutsen litiyam a ƙasar Ngaski cikin masarautar Yawuri, don yin batir. Kada wani ya ji an ce litiyam maganin taɓin hankali ne ya daka dutse ya jiƙa wa ɗan'uwansa. Wannan kisa ne.

Na san za a yi mini musu ta fuska biyu. Wasu za su ce wannan magana tana neman kore ƙaddara da addu'a. Ko kaɗan. Wanda Ya saukar da cuta Shi Ya halicci gishiri, Shi Ya kuma sa masa awo. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da duk nauyin mulki da ke kansa, ya zauna ya rubuta littattafai a kan magani. A yi wa mara lafiya addu'a, a kuma kai shi inda za a auna jininsa. Asibitin Tunawa da Sir Yahaya yana nan cikin Birnin Kebbi, asibitin masu taɓin hankali na Gwamnatin Tarayya yana Kware kusa da Sakkwato. A farkon 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Farfaɗiya ma, da ake gudun mai ita, tun 1938 ake da maganinta wanda yake rage buɗewar ƙofofin sodiyam. Ba sauran hujjar ɗaure mutum a mari shekara da shekaru ba a gwada kai shi asibiti ba.

Wasu kuma za su ce malamin makaranta ba likita ba ne, in an ba shi ɗan sani zai shiga gonar da ba tasa ba. Wannan tsoro yana da tushe, domin jijjigar yaro tana iya zama zazzaɓin cizon sauro, tana iya zama sanƙarau, malami kuwa ba shi da hanyar rarrabewa. Amma abin da nake nema gare shi kaɗan ne, kuma ba ya bukatar allura. A ƙauyuka da yawa na wannan kwari, malami da akawun hakimi su ne waɗanda ake tambaya in abu ya rikice. Shirunsu ma amsa ce, domin in sun yi shiru mai turare ne zai yi magana.

Saboda haka ga roƙona ga kwalejojin horon malamai, tun daga Kwalejin Ilmi ta Adamu Augie da ke Argungu har sauran, da ga hukumomin ilmi na ƙananan hukumomi. Na ɗaya, darasin ƙarafan alkali a fara shi da gishiri da kanwa da ruwan toka a kan tebur, a bayyana shi da Hausa tukuna, a kai shi har ƙwaƙwalwa, sa'an nan a ba da sunayen da za a rubuta a jarrabawa. Na biyu, kada a ba ɗalibi takardar shaidar malanta sai ya dama ruwan gishiri da sukari da hannunsa a gaban mai jarrabawa, da kwalba da cokali, awo ya fita daidai. Na uku, kowace makaranta ta ajiye ƙunshin garin nan da kwalbar lita ɗaya a ofishin babban malami, a koya wa 'yan aji biyar da shida, musamman 'yan mata, tun da su ne masu goyon ƙanne yau, su ne kuma iyayen gobe. Na huɗu, malami ya riƙe ƙa'ida ɗaya: yaro mai zawo a fara ba shi ruwan awo tun yana iya haɗiya, uwa kuma kada ta daina ba shi nono, in kuwa ya fara magagi ko jijjiga, kada a ɗura masa kome, a kwantar da shi ta gefe, a nemi abin hawa.

Ku kuma akawuna, ku ne masu rubuta takardun sayen kaya da lissafin kuɗin shekara. In ana tsara abin da za a saya wa makarantu da ɗakunan shan magani kafin faɗuwar damina, ku tuna wa shugabanninku da wannan ƙunshi, kuɗinsa bai kai na rajista ɗaya ba.

Babban malamin nan na ƙauye ya aiko mini da takarda bayan wata biyu, ya ce ya tara matan unguwa a inuwar makaranta ya nuna musu awon, har uwar yaron ce ta riƙe masa kwalba. Ina fata masu karatu, malamai da akawuna, za su aiko wa Edita da ra'ayinsu a kan wannan shawara, ko na goyon baya ko na gyara. Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.